Yadda ake gane 'yar'uwar habbatus sauda da ke fitowa da kanta a ƙasashen Bahar Rum

Da wuya a sami gidan Bahaushe da ba a san habbatus sauda ba. Ana sayen ƙwayarta a ƙulle a leda, ana sayen manta a kwalba, kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira kan warakar da ke cikinta yana bakin yara da manya. Amma da za a ce wa jama'a su nuna tsiron da ke haifar da ita yana tsaye a ƙasa, sai a yi cirko-cirko. Dalili kuwa shi ne galibin wadda ke kasuwanninmu daga waje take zuwa, daga ƙasashen da ke noma ta sosai irin su Masar, Siriya, Turkiyya, Habasha da Indiya.

Tana da dangi wajen ashirin, kuma asalinsu ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum ne zuwa yammacin Asiya. Wadda muke ci masana tsirrai na kiranta Nigella sativa. Wadda aka fi cin karo da ita a jeji, ba wanda ya shuka, ita ce Nigella damascena, sunan da masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya rubuta mata a 1753. Zan riƙa ce mata damasina don sauƙi. Tana fitowa a Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Sifen, kudancin Faransa, Italiya, Girka da Turkiyya, har zuwa Iran. Ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu da ke zaune a waɗannan ƙasashe suna wuce ta a gefen hanya, kuma wanda ya fasa busasshen kwansonta ya ga baƙar ƙwaya ta zubo masa a tafi, zuciyarsa za ta ce masa ya tsinci habbatus sauda a ɓagas. Ba ita ba ce. Shi ya sa nake so a koyi gane ta da hujja, daga lokaci da wuri zuwa fure, kwanso da ƙwaya.

Mataki na farko: san lokacin fita

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa dole ya juya lissafinsa. Mu ruwanmu da zafi yake zuwa, nasu da sanyi. A yankin Bahar Rum ruwa na sauka ne daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, sannan daga Yuni zuwa Satumba ƙasa ta bushe ƙamas, rana ta ƙone ciyawa. Damasina tsiro ne mai shekara ɗaya. Irinta na tsirowa bayan ruwan farko ko a ƙarshen sanyi, ta yi watanni tana 'yar ƙarama a manne da ƙasa, sai ta miƙe da zarar gari ya fara ɗumi. Furenta na buɗewa tsakanin Afrilu da Yuni. A wurare masu ɗumi na kudu, kamar gaɓar Tunisiya ko tsibirin Kirit na Girka, takan riga. A kan tuddai da kudancin Faransa takan kai Yuli.

Mafi kyawun lokaci a wajena shi ne tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuni, domin a lokacin kana iya samun tsiro guda ɗauke da ƙullin fure, buɗaɗɗen fure da ɗanyen kwanso duk a tare. Idan ka fita a Agusta, busassun kwansuna kawai za ka tarar. A Disamba kuwa kada ka wahalar da kanka: ganye ne zalla, kuma a wannan matakin ko gwanaye sukan ruɗe.

Mataki na biyu: san inda za ka duba

Damasina ba ta son dajin da ba a taɓa ba. Ƙasar da aka taɓa kaftu take so, wadda rana ke duka kuma ruwa ba ya kwanciya a kanta. Nemi gefen gonar alkama ko sha'ir, saurar da aka bari ta huta, ƙarƙashin itatuwan zaitun inda suke da tazara, tsakanin layukan inabi, bakin hanyar ƙauye, da gangaren tudu mai tsakuwa inda gajerun itatuwa masu ƙamshi ke warwatse. Irin wannan gangare Faransawa na ce masa garig, Girkawa kuma firigana, kuma za ka ga kalmomin a littattafan tsirran yankin. Ta fi jin daɗin ƙasar da ke kan farin dutsen nan da ake yin siminti da farar ƙasa da shi, wanda ya cika yankin. Ba za ka same ta a fadama ba, ko cikin duhun daji mai inuwa, ko a yashin bakin teku mai gishiri.

Maƙwabtanta ma suna nuna hanya. Inda ka hango gona ta yi ja wur da furen nan mai laushi da ake kira Papaver rhoeas, ga rawayen furanni masu faɗi na Glebionis coronaria, ga ciyawa mai kan hatsi tana kaɗawa, to ka sassauta tafiya. Alama ce cewa feshin kashe ciyawa bai yi wa wurin yawa ba. A manyan gonakin zamani da ake feshi duk shekara, waɗannan tsirrai sun ja baya ƙwarai, abin da ke damuna matuƙa, domin sun yi dubban shekaru suna bin alkama. A irin waɗannan gonaki sai dai ka duba kusurwar da tarakta ba ta kaiwa, ko gindin katangar duwatsu.

Kayan aikin ba su da yawa: waya mai kyamara, 'yar rula, reza, farar takarda, da ɗan gilashin ƙara girma mai ninka abu sau 10. Sa dogon wando ka cusa ƙafarsa cikin safa. Kaska na da yawa a ciyawar watan Mayu, kuma a Turkiyya tana yaɗa zazzaɓin nan mai sa zubar jini da ake danganta shi da Kirimiya da Kwango. Akwai kuma macizai dangin kububuwa a cikin duwatsu, don haka kada ka cusa hannu inda ido bai gani ba. Idan gona ce mai shinge, yi sallama ka nemi izini.

Mataki na uku: kara da ganye

Tsayinta daga santimita 20 zuwa 50 ne, a busasshen wuri ma takan gaza haka. Karan siriri ne, a miƙe, ba gashi, yana da 'yan rassa a sama, kuma kowane reshe fure ɗaya tak yake ƙarewa da shi. Riƙe wannan da kyau, zai yi maka amfani a gaba. Ganyen a yayyanke yake har ya zama zare-zare, ba faɗi ko kaɗan. Ba sa fitowa biyu-biyu suna kallon juna. Ɗaya a nan, na gaba a sama ta ɗaya gefen. Murje ɗan ganye ka shinshina. Idan ƙamshi mai zaƙi ya bugi hancinka, ba damasina ba ce, wata ciyawar jeji ce da Larabawa ke kira shammar, wadda ita ma ganyenta zare-zare ne amma tana yin tsawo fiye da mutum wani lokaci, furenta kuma rawaya ne a tattare. Ganyen damasina ba shi da wani ƙamshi sai na ɗanyen haki.

Mataki na huɗu: fure

Nan ne aikin yake, don haka tsuguna ka ba shi lokaci.

Kafin ka kalli launi, kalli abin da ke ƙarƙashin furen. Damasina tana da wasu ganyaye zare-zare, yawanci biyar, da suka fito daf da gindin furen suka kewaye shi, har tsininsu ya zarce shi tsawo. Tun yana ƙulli suke rungume da shi, kuma suna nan har ya zama kwanso. Wannan ita ce babbar shaidarta. Habbatus sauda ta gaske ba ta da irin wannan zobe a wuyan furenta. Ganyenta ma ya ɗan fi faɗi da gajarta, furenta kuma fari ne mai ɗan sirkin shuɗi ko kore.

Sai furen kansa. Faɗinsa santimita 2 zuwa 3, ko ya ɗan haura. A tsiron jeji za ka ƙirga manyan ganyayen fure guda biyar, shuɗi mai haske, wani lokaci kusan fari, kowanne mai siririn gindi da ɗan tsini a baki. A yawancin furanni, ganyayen da ke wannan matsayi na waje kore ne, aikinsu rufe ƙulli kawai. A dangin habbatus sauda su ne suka ɗauki launi, su ne ke kiran ƙwari. Ganyayen ciki kuma sun ƙanƙance sun koma wani abu dabam, kuma sai da gilashi za ka more ganinsu.

Ɗora gilashin a tsakiyar furen. A gindin zaruruwan da ke ɗauke da garin fure za ka ga wasu 'yan ƙananan abubuwa masu duhun launi, galibi wajen takwas, jere a da'ira. Kowanne yana da leɓe biyu: na ƙasa a tsage gida biyu, da 'yan gashi da ɗigo biyu masu ƙyalli, na sama kuma murfi ne da ya rufe ɗan ramin da ruwan zaƙi ke ciki. Ƙudan zuma na sauka, ta ɗaga murfin da bakinta, ta sha, ta matsa na gaba, haka har ta zagaye furen. Tana cikin zagayen nan bayanta na gogar zaruruwan da suka lanƙwaso ƙasa, garin fure na zuba mata. Zaruruwan ba sa nuna a rana ɗaya. Kashi-kashi suke lanƙwasowa cikin kwanaki. A duk tsawon wannan lokaci, ƙahonin nan biyar na tsakiya, wato ɓangaren mace, suna tsaye a miƙe sama, ba abin da ke taɓa su. Sai garin ya kusa ƙarewa sannan su lanƙwaso su murɗe, su sauko daidai inda bayan ƙudan zuma zai goge su da garin da ta kwaso daga wani furen. Wani malami Bajamushe, Christian Konrad Sprengel, ya bayyana wannan tsari a 1793 bayan ya zauna yana kallon wata 'yar'uwarta, Nigella arvensis. Duk wanda ya ga wannan da idonsa zai yi tasbihi. Kuma yana da amfani a aikace: fure mai miƙaƙƙun ƙahoni sabo ne, mai murɗaɗɗu ya kusa zubar da ganye, kada ka ɗauka iri biyu ne.

Idan ka ƙirga ganyayen fure ka ga sun fi biyar nesa, goma sha ko ashirin a cunkushe, kuma ka nemi 'yan kofunan ruwan zaƙin ka rasa, to mai yiwuwa ta lambu ce da ta tsere. An yi ƙarnoni ana shuka damasina don ado a Turai, an fitar da mai shuɗi mai duhu, fara, da ruwan hoda. Irinsu na zuba ya tsiro a juji da bayan gidaje. Damasina ce dai, amma ka rubuta cewa kusa da gari ka gan ta.

Mataki na biyar: kwanso

Bayan ganyen fure ya zube, tsakiyar na kumbura ta zama kwanso mai kusan zagaye, tsawon santimita 2 zuwa 3, sumul, kore, sau da yawa da ratsin ja mai duhu daga sama zuwa ƙasa. Ƙahoni biyar na nan a kansa sun baje, zoben ganyen nan kuma na riƙe da gindinsa. Matsa shi a hankali da yatsa biyu za ka ji iska ce ta fi yawa a ciki.

Ɗauki guda ɗaya, idan tsiron na da yawa a wurin, ka yanka shi a kwance da reza. Za ka ga ɗakuna goma: biyar a ciki, cike da ƙwaya fara ko kore idan ɗanye ne, biyar kuma a waje, fanko. Wannan fankon ɗakuna shaida ce ta biyu mai ƙarfi. Kwanson habbatus sauda ta gaske shi ma a haɗe yake har sama, amma ya fi tsawo a kan faɗi, jikinsa na da ƙuraje-ƙuraje, kuma ba shi da waɗannan ɗakunan iska. Na arvensis kuwa ba ya kumbura sam: sassansa a haɗe suke daga ƙasa zuwa wajen rabi, daga nan kowanne ya ware da dogon tsininsa. Ita arvensis ba ta da zoben ganye a wuya, furenta toka-toka ne mai jijiyoyi kore, takan baje rassa kusa da ƙasa, kuma ta fi jinkirin fure, har cikin Yuli da Agusta a gonakin da aka girbe. A Sifen akwai Nigella hispanica mai babban fure shuɗi sosai da jajayen zaruruwa a tsakiya, a Turkiyya kuma akwai Nigella orientalis mai rawayen fure.

Idan kwanson damasina ya bushe yakan koma ruwan ƙasa, ya zama kamar takarda, ya tsattsage a sama tsakanin ƙahonin. Girgiza shi za ka ji yana kaɗawa kamar caki. Iska na kaɗa karan, ƙwayar na fita ta waɗannan tsagogi kaɗan-kaɗan.

Mataki na shida: ƙwaya

Zuba 'yan ƙwayoyi a kan farar takarda. Tsawonsu milimita 2 zuwa 3, baƙaƙe, ba sa ƙyalli. Da ido kawai, kusan ɗaya suke da wadda ke kicin ɗinka. Da gilashi za ka ga ta damasina ta fi kumburi da zagaye, kuma jikinta na da tamoji masu zurfi da suka gitta ta a kwance. Ta gaske tana da kusurwa uku bayyanannu da tsini a kai ɗaya.

Sai gwajin hanci. Murƙushe ƙwaya biyu da bayan cokali ko tsakanin duwatsu. Habbatus sauda ka san ƙamshinta, mai ɗan yaji da ɗaci. Damasina ƙamshin zaƙi take yi, irin na 'ya'yan itacen nan sitiroberi. Bambancin daga sinadari yake: wanda aka fi yin bincike a kansa a man habbatus sauda shi ne timokwinon, ita kuwa damasina ba a san ta da shi ba, nata sinadarin ana ce masa damasinin. Wasu mutanen yankin sun yi amfani da ƙwayarta don ƙamshin abinci da maganin gargajiya, amma wannan bai mai da ita habbatus sauda ba. Kama da wane ba ta wane. Shinshina, kada ka tauna. Mai son ta ci ya je kasuwa: a Masar ya ce habbatul baraka, a Maroko sanuj, a Turkiyya çörek otu.

Masu kama da ita da ke iya cutarwa

Ina nanata maganar tauna ne saboda gonakin da damasina ke so suna da wasu tsirrai masu baƙar ƙwaya da dafi. Na farko shi ne wanda ake kira Consolida, wasu littattafan kuma Delphinium. Ɗan'uwan damasina ne na nesa, ganyensa zare-zare ne, furensa shuɗi, lokacinsu ɗaya. Amma furanninsa a jere suke da yawa a kan dogon kara, kuma kowanne na da wutsiya mai tsini a baya. Ka tuna damasina fure ɗaya ne a kan reshe, ba wutsiya. Ƙwayar Consolida baƙa ce kuma guba ce. Na biyu Agrostemma githago, mai fure ruwan hoda mai duhu, da siraran ganye masu gashi da ke fitowa biyu-biyu. Ƙwayarsa baƙa ce mai ƙuraje, kuma a da takan gurɓata garin alkama ta sa mutane ciwo. Akwai Adonis mai ganye zare-zare da ɗan jan fure, shi ma mai dafi. A busassun filayen Arewacin Afirka akwai harmal, mai farin fure da wari mai ƙarfi idan an murje ganyen. A juji kuma akwai nau'in zaƙami mai kwanso mai ƙaya da baƙar ƙwaya mai siffar ƙoda, wanda ba sai an gaya wa Bahaushe aikinsa ba.

Ko a gida ma, irin albasa baƙi ne mai kusurwa, har a wasu ƙasashe ana sayar da habbatus sauda da sunansa. Murƙushe shi, warin albasa zai tona shi.

Mataki na bakwai: hoto da rubutu

Kada ka tuge tsiron. Saiwarsa guda ce mai nutsewa, ba ya jure dashe, kuma duk kwanson da ka ɗauke iri ne da ba zai fito baɗi ba. A gandun da hukuma ta keɓe, tsinkar tsiro ma laifi ne. Hoto ya wadatar idan an ɗauke shi yadda ya kamata: ɗaya na tsiron gaba ɗaya tare da wurin da yake, ɗaya na fure daga sama, ɗaya daga gefe ko ƙasa don zoben ganyen ya fito, ɗaya na ganyen kara, ɗaya na kwanso da rula a gefensa. Hoton gefe shi ne mutane suka fi mantawa, alhali shi ne ke raba gardama. Da safe ko da la'asar ya fi, domin hasken tsakar rana na wanke shuɗin ya koma fari. Idan iska na kaɗawa, sa jakarka ta tare ta. Kana iya manna gilashin ƙara girman a idon kyamarar waya ka ɗauki ƙwayar.

Daga nan ka ɗora hotunan a manhajar Pl@ntNet, wadda cibiyoyin bincike na Faransa suka fitar a 2013 kuma ta ƙware a tsirran yankin, ko iNaturalist inda mutane masu ilimin abin ke duba abin da ka ɗora su gyara maka. Amsar da manhaja ta bayar shawara ce. Gwada ta da abin da ka gani: akwai zoben ganye ko babu, kwanson a kumbure yake ko a rabe, ƙamshin zaƙi ne ko na yaji. Idan amsar ta saɓa wa waɗannan ukun, bi idonka, ka tsaya a sunan dangin, wato Nigella, har wani masani ya tantance. Yankin Bahar Rum na da nau'in tsirrai kusan 25,000, kimanin rabinsu ba a samunsu a ko'ina sai can, kuma a tsibiran Girka da kudancin Turkiyya akwai ƙananan dangin habbatus sauda da manhaja ke yawan rikitawa.

A littafinka rubuta kwanan wata, sunan ƙauye mafi kusa, irin ƙasar, ko gona ce ko saura ko gefen hanya, tsirran da ke kusa, kimanin yawan da ka gani, da ko fure ne ko kwanso. Idan ɗanyen kwanso kawai ka samu, sa alamar wurin a taswirar wayarka ka komo bayan mako uku ko huɗu, lokacin ƙwayar ta yi baƙi ta isa gwajin gilashi da na hanci.